Tun Ran Gini Ran Zane: Jagorar Yanka Sabuwar Unguwa a Gefen Garin Gombe

Garin Gombe bai tsufa ba idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. A 1919 ne aka dawo da hedikwatar masarautar daga Nafada zuwa Doma, inda garin yake a yau, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha. Faɗin Ƙaramar Hukumar Gombe bai wuce murabba'in kilomita 52 ba, amma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a cikinta. Daga baya ma'aikata da 'yan kasuwa da bayin Allah da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a Borno da Yobe suka yi ta kwararowa, har gari ya tumbatsa ya shiga Akko ta wajen Tumfure, ya shiga Yamaltu/Deba ta wajen Liji, ya kuma miƙa arewa ta ɓangaren Kwami. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 ko ɗan fiye a shekara tana ninkawa cikin shekara 22 zuwa 23, wato kafin jaririn da aka raɗa wa suna a bana ya yi aure, za a buƙaci wani garin kamar wannan a gefen wanda muke ciki.

Kaso mai yawa na wannan sabon gari ba gwamnati ce ke yanka shi ba. Masu gonaki ne da magada da dillalai, da sanin masu unguwanni, suke jan igiya su raba gona fuloti-fuloti su sayar. Domin su aka rubuta wannan jagora, tare da kwamitocin ci gaban unguwanni da duk mai niyyar sayen fili. Abin da ta ginu a kansa ɗaya ne: gida ana iya rushe shi a sake ginawa, amma titi da hanyar ruwa da filin jama'a, da zarar an sayar da su an yi gini a kai, ba sa dawowa sai da rusau da diyya da gaba tsakanin maƙwabta. Saboda haka su ne ake fara cirewa, abin da ya rage shi ne na sayarwa.

Mataki na farko: a warware mallaka, a je wurin hukuma

Idan gonar ta gado ce, a kammala rabo a rubuce kafin komai, kuma ya fi alheri magada su amince a zana gonar gaba ɗayanta sannan a raba musu fulotai, domin idan kowa ya karɓi yankinsa ya yanka yadda ya ga dama, layin wannan ba zai haɗu da na wancan ba. Haka nan idan gonaki uku ko huɗu suna jere, masu su su zauna tare a gaban mai unguwa ko dagaci su yi zane guda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da izinin mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a raya fili. A Gombe, hukumar GOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye da takardun mallaka, hukumar GOSUPDA kuma ita ke kula da tsarin gari da izinin gini. A je da kwatancen wurin a tambayi abu uku: ko gwamnati ta riga ta karɓi filin domin wani aiki, ko akwai babban titin da aka tsara zai ratsa ta wurin, da kuma irin amfanin da aka ware wa yankin. Daga nan a ɗauki safiyo mai rajista da masanin tsara birane mai rajista. Aikinsu ba ɗaya ba ne: safiyo yana auna iyaka da tudu da gangare, mai tsarawa kuma shi ke yanke inda titi da makaranta za su zauna.

Mataki na biyu: a karanci ƙasar da damina

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a Gombe shi ne mafi hatsari a tsallake. Garin yana zaune ne a cikin kwari, tudu yana yamma ta wajen hanyar Bauchi, ƙasa tana gangarowa gabas, kuma yawancinta rairayi ce mai saurin zaizayewa. Ruwan shekara yakan kai tsakanin milimita 800 da 1,000, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Gonar da aka gani da rani a shimfiɗe ba ta faɗin gaskiyar halinta. A jira a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe a zagaya ta da ƙafa, tare da dattijon da ya daɗe yana nomanta.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Inda aka ga farin yashi ya kwanta sumul kamar an share, ruwa ya bi ta nan. Inda aka ga karmami da leda sun maƙale a jikin sabara ko kargo, tsayin da suka maƙale shi ne tsayin da ruwan ya kai. Inda saiwar bishiya ta fito fili, ƙasa tana tafiya a wurin. Idan kuma aka tarar da 'yar tsaga wadda zurfinta bai kai gwiwa ba amma bakinta na sama a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa, to wannan kwari ne yake ƙuruciya, kuma kowace damina zai ci gaba da cin ƙasa yana hawa tudu. A kafa turaku a duk waɗannan wurare, safiyo ya sa su a taswira. A ɓangarorin da ƙasa take da laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, a rubuta hakan ma, domin masu gini su san irin harsashin da za su yi.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne mai sauƙi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gida mai rufin murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 10,000, wato cikin tankar ruwa guda. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa tana shanye mafi yawan wannan ruwa. Idan aka rufe shi da kwano da siminti, kusan dukkansa waje zai fito. Gida 250 za su sako lita miliyan biyu da rabi a dare ɗaya, kuma wannan ruwa ba ya tsayawa a unguwar da ta sako shi, kan mutanen gangare yake sauka. Kwarurrukan da suka ci gidaje a wajen Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna da Kagarawal, da na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya, sai da aka nemi tallafin Bankin Duniya ta shirye-shiryen magance zaizayar ƙasa na NEWMAP da ACReSAL, aka kashe biliyoyin naira kafin a ɗaure su da kankare. Da an bar musu gefe tun farko, an kuma sarrafa ruwan da ke shiga cikinsu daga sama, da abin bai kai haka ba.

Mataki na uku: a fitar da wuraren da ba a gini

Hanyar ruwa ita ce farko. A bar ta a inda Allah ya ajiye ta, kada a ce za a karkatar da ita domin a sami ƙarin fuloti biyu. A kowane gefe a bar fili wanda ba za a sayar ba. Hukuma ce za ta faɗi yawan mitocin gwargwadon girman kwarin, kuma shawarata ita ce a auna daga inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekara mafi ruwa da dattawa suka sani, ba daga bakin kwarin na yau ba. Wannan gefe ba asara ba ne: a dasa jema da gamba a baki domin saiwarsu tana riƙe ƙasa, a jera bishiyoyi a bayansu, sannan a bi da titi. Idan titi ne ya raba kwari da gidaje, kowa yana ganin abin da ake yi a bakinsa. Idan bayan gidaje ne ya juya masa, nan da nan zai zama juji, kuma masu katanga za su riƙa matsawa suna cin gefen.

Sai ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ƙa'idar ƙasa ta ware faɗin mita 50 ga layin kilobolt 330, mita 30 ga na 132, da mita 11 ga na 33 da na 11, rabi a kowane gefe. Haka nan a bar burtali da hanyar mashaya idan suna ratsa gonar, a kuma bar tsohuwar maƙabarta ko da an daina binnewa. Manyan bishiyoyi irin su tsamiya da ɗorawa da kuka a sa su a taswira, a yi ƙoƙari su faɗa cikin filin makaranta ko dandali, domin inuwar da ta ɗauki shekara sittin tana haɗuwa ba a samunta a kasuwa.

Mataki na huɗu: tituna

Musulunci bai bar wannan batu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci cewa idan aka saɓa a kan hanya, a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato kimanin mita uku da rabi, a zamanin da raƙumi da kayansa ne mafi girman abin da zai wuce. A yau abin da zai wuce shi ne tifar yashi, tankar ruwa, motar kashe gobara, motar asibiti, da jama'a ɗauke da makara.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a tana ba da shawarar a ware wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin unguwa. Mai gona zai ji adadin ya yi yawa, amma a duba abin da layi mai faɗin mita 12 yake ɗauka: mita 7 a tsakiya domin mota biyu su gitta, mita ɗaya a kowane gefe domin magudanar ruwa, sai mita ɗaya da rabi a kowane gefe inda masu tafiya a ƙasa da falwaya da bututun ruwa da bishiya za su raba. Babu tazarar banza ko kaɗan. Layin da aka yanka mita 6, ranar da gwamnati ta zo yin kwalta da kwalbati, sai an fasa zaurukan mutane. A ganina kada layin gidaje ya gaza mita 10 zuwa 12, titin da ke tattara layuka ya kai 15 zuwa 18, babban titin da zai haɗa unguwar da sauran gari kuma ya kai 24 ko 30, sai dai idan hukuma ta nemi fiye da haka.

Akwai abubuwa uku da suka fi faɗin titi muhimmanci. Kowane titi ya kai har iyakar gonar ya tsaya a buɗe, domin maƙwabcin da zai yanka tasa bayan shekara goma ya ɗora daga nan. Fulotin da aka toshe bakin layi da shi yana iya rufe hanyar dubban mutanen da ba a haifa ba tukuna. Na biyu, kada jerin gidaje ya wuce mita 150 zuwa 200 ba tare da layi ya ratsa shi ba, saboda yara masu zuwa makaranta da tsofaffi masu zuwa masallaci. Na uku, a wuri mai gangare kada a miƙe dogon titi daga tudu zuwa ƙasa ba tare da magudana ba, domin shi da kansa zai zama kwari cikin damina biyu ko uku. Tituna su bi kwancen tudu, kuma tun a takarda a nuna inda ruwan kowane layi zai fita.

Mataki na biyar: filayen jama'a da lissafinsu

A ɗauki gona mai hekta 20, wato murabba'in mita 200,000. Idan tituna suka ɗauki hekta 6, filayen jama'a suka ɗauki hekta 3, za a bar hekta 11, wadda za ta ba da fuloti kusan 237 masu ƙafa 50 da 100. Idan aka ƙaddara mutum goma a kowane gida, unguwar za ta ɗauki mutum wajen 2,400, kuma idan ɗaya cikin shida ɗan firamare ne, yara 400 ke nan, aji goma na yara arba'in-arba'in. Makaranta irin wannan da filin wasanta tana buƙatar abin da bai gaza hekta ɗaya ba. Sauran hekta biyun su ne na ƙaramin asibiti, masallaci da Islamiyya, coci inda akwai mabiyanta, 'yar kasuwa da wurin tsayawar Keke Napep, wurin tiransifoma, wurin rijiyar burtsatse da tankinta, wurin tara shara, da dandalin da matasa za su buga ƙwallo a kuma yi taron biki. Maƙabarta da filin idi da makarantar sakandare sun fi ƙarfin unguwa ɗaya, don haka a haɗa kai da gonakin maƙwabta a fitar da su tun ƙasa tana da araha. Duk wanda ya je jana'iza a tsofaffin maƙabartun cikin gari ya ga yadda ake neman wurin kabari.

Ba za a ɓoye wa mai gona gaskiya ba: da ya yanka wannan hekta 20 da ƴan lunguna kawai, zai iya fitar da fuloti wajen 400. Bambancin fuloti fiye da 150 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma nan ne zuciya take rawa. Amma fulotin da ke bakin titi mai faɗi, cikin zanen da hukuma ta amince da shi, ya fi daraja a kasuwa, yana samun takardar shaidar mallaka, banki yana karɓarsa jingina, kuma ba ya cikin fargabar jan fenti a bango. Wanda ya ba da filin makaranta ko maƙabarta da niyyar wakafi kuwa, sadaka ce mai gudana. Hanyar adalci ita ce a raba nauyin: kowane mai gona ya ba da kaso daidai da girman gonarsa, wanda makaranta ta faɗa a tasa a rama masa da fulotai daga na sauran.

Kada a tura filayen jama'a bakin kwari ko ƙarƙashin waya domin nan ne ba mai saye. Makaranta ta zauna a tsakiya, inda yaro zai isa cikin tafiyar minti goma ba tare da ya tsallaka babban titi ba.

Mataki na shida: fulotai, ruwa da masai

A gauraya girman fulotai. Unguwar da aka yanka ƙafa 100 da 100 zalla ta kori malamin makaranta da lebura, kuma su ne za su koma bakin kwari su yi gini. A bar jerin da ke bakin babban titi domin shaguna da gidajen haya masu hawa, a kuma keɓe wuri can gefe domin masu walda da injin niƙa da masu buga bulo. A rubuta a yarjejeniyar sayarwa cewa ba za a cike fuloti da gini ba, za a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsakar gida ba siminti, kuma ramin masai da na ruwan wanka za su kasance cikin katanga, ba a kan layi ba.

Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola yake zuwa, kuma bai kai ga sababbin unguwanni da dama ba. A tudun yamma ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai, haƙa burtsatse yana da tsada, shi ya sa gidaje da yawa suke dogara da tanka. Wannan rufi mai murabba'in mita 200 da aka ambata zai iya tara lita 180,000 a shekarar da aka yi ruwan milimita 900. Duk abin da aka tare a tankin ƙasa ya rage kuɗin sayen ruwa, ya kuma rage abin da zai gangara kwari. Inda ake haƙa rijiya kuwa, a bar tazarar mita 30 tsakaninta da masai, rijiyar tana ta sama, abin da ba ya yiwuwa a ƙananan fulotai sai an tsara ɓangaren da kowa zai haƙa masansa tun a zane.

Mataki na bakwai: amincewa, turaku da takardu

A kai zanen hukuma ta amince kafin a karɓi ko kwabo daga mai saye. Bayan amincewa, safiyo ya kafa turakun kankare masu lamba a kusurwar kowane fuloti, musamman a gefen tituna da filayen jama'a. A sa gireda ta buɗe titunan ko da ba kwalta, domin hanyar da ido ya gani ana bi ta fi wadda ke takarda wahalar cinyewa. Filin makaranta da asibiti da maƙabarta a yi musu takarda da sunan hukumar da abin ya shafa ko amintattun wakafi masu rajista, ba da sunan mutum ɗaya ba, komai amanarsa, domin bayan rasuwarsa filin yana iya shiga rabon gado. A buga taswirar a ajiye kwafi wurin hakimi da mai unguwa da limami, a kuma kafa allo da ita a bakin unguwa. Mai saye kuma ya nemi ganin wannan taswira da hatimin hukuma, ya taka har kan turakun fulotinsa kafin ya biya.

Mataki na takwas: tsaron abin da aka ware

Ba a cinye titi rana ɗaya. Wani zai fitar da dakali, na kusa da shi ya fitar da matakala, na uku ya haƙa ramin ruwan wanka a waje ya rufe da silab, na huɗu ya kafa rumfar kwano wadda bayan shekara biyu za ta koma shagon bulo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka wanda ya fara shi ake tsayarwa, da lalama, tun magini yana jan zaren harsashi. A kafa kwamitin unguwa wanda ya haɗa dattawa da mata da matasa, domin matasan ne za su rayu da sakamakon, kuma ƙa'ida ta zama cewa ba a fara haƙa harsashi sai ɗan kwamiti ya zo an ga turaku tare. Wanda ya ƙi ji a kai maganarsa wurin mai unguwa, daga nan zuwa GOSUPDA.

Filin jama'a da aka bari fayau yana jawo ido. Idan babu kuɗin katanga, a kewaye shi da dogon yaro ko maɗaci a jere, a kafa ragar ƙwallo, ko a ba wani aron noma na shekara-shekara da rubutacciyar yarjejeniya cewa ba zai yi gini ba. Shirin dashen bishiyoyi na jihar da aka fi sani da 3G, wanda aka fara a 2019, hanya ce ta neman irin dashe. A dasa a farkon damina, a sa wa kowace bishiya kariya daga awaki, a kuma ɗora shayar da ita da rani a kan gidan da take ƙofarsa. A watan Afrilu ko farkon Mayu na kowace shekara, kwamiti ya fita da taswira a hannu ya zagaya: a yashe magudanu, a duba bakin kwari a auna ko ya matso daga turakun bara, a maye gurbin duk turken da aka tumɓuke, sannan a rubuta abin da aka gani a littafin unguwa, mai unguwa ya sa hannu.